Baba Sabis Bai Iya Zama Ba

Lokacin da muke makarantar mishan, idan ka tsaya a tagar ajinmu da ke kan tudu, abu uku ne kawai suka fi rufin gidajen gari tsawo: hasumiyar agogo ta tashar jirgin ƙasa, tankin ruwa, da ƙarafan wani gini da ake ɗorawa a tsakiyar gari. Fada, limamin mishan da ke koya mana lissafi, yakan nuna ginin da alli ya ce mu duba mu ga yadda layi yake idan ya miƙe. Ginin nan ne ya zama otal ɗin da kowa ya riƙa kira Dogon Bene. Wanda muke zama benci ɗaya da shi kuwa, wani siriri da lissafi bai taɓa shiga kansa ba amma rigarsa ba ta taɓa yamutsewa ba, shi ne mutumin da unguwarmu ta sani da Baba Sabis. Ya rasu a daminar da ta wuce, kuma ina so in rubuta abin da na sani game da shi tun kaina bai fara zubar da abubuwa ba.

Bai gama makaranta ba. Mahaifinsa ya rasu muna ajin ƙarshe, sai Fada ya kama hannunsa ya kai shi wurin manajan otal ɗin, wanda ba a daɗe da buɗewa ba. Ya fara da wanke kofuna a bayan kicin. Daga baya aka ba shi tire da farar riga mai maɓallan tagulla, aka shigar da shi ɗakin cin abinci, kuma a ɗakin nan ya tsufa. Baƙi suna kiransa Dogo. A unguwa kuwa sunan aikinsa ne ya bi shi, tun ana ce masa Sabis har furfura ta ƙara masa Baba.

Matasan yanzu ba za su gane matsayin Dogon Bene a wancan zamani ba. Duk wanda ya sauka daga jirgi da jaka mai kyau can yake nufa. A ƙofarsa 'yan tasi ke jera motoci, a inuwarsa masu canji da mai jarida da mai gyaran agogo ke wuni. Na san wata mata da ta gina gida da ƙwan da take kai wa kicin ɗinsu, da wani tela da bai ɗinka komai ba sai rigunan ma'aikatansu har idonsa ya raunana. Kwangilar titi, cinikin fili, sayen motocin haya, duk a kan fararen teburan nan ake ƙulla su, tsakanin miya da shayi. Idan za ka yi wa baƙo kwatancen gidanka, daga Dogon Bene kake farawa, ko da a bayan gari kake.

Manajan farko, wani busasshen mutum mai yawan tari, ya koya musu ka'idojin aiki, kuma Sabis ya riƙe su fiye da yadda muka riƙe addu'o'in safe na makaranta. Abinci ta hagun baƙo ake ajiye shi, ruwa ta dama ake zuba shi, hannun da ba ya aiki yana baya. Sabis ba ya zama a ɗakin cin abinci, ko da babu kowa, ko da ƙafarsa ta kumbura. Idan baƙo ya ɗaga yatsa, ƙafa ce ke amsawa, ba a jiran kai ya yi shawara. Babbar ka'idar kuwa ita ce ba ka san baƙo ba sai shi ya nuna ya san ka. Ko jiya ya gama ba ka labarin rayuwarsa, idan yau ya shigo da wani ko da wata, sabon mutum ne a idonka.

"Ba abinci kaɗai suke saye a wurinmu ba, Tica," ya taɓa gaya mini. "Har da mantuwarmu suke saye."

Ni na zama malamin makaranta, shi ya sa yake ce mini Tica, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu har muka tsufa. A gidansa ma a tsaye yake cin abinci, jikin taga, faranti a tafin hannu. Matarsa takan ce, "Zauna mana, ko ƙaya ce a kujerar?" Ya ce abinci ya fi sauka a tsaye. Ta ce, "To ka koyi barci a tsaye kamar doki, in samu gadon ni kaɗai." Ta rantse mini cewa idan cokali ya faɗi a gidana, mijinta zabura yake a nasa.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su. Ya tashi a kan gutsattsarin burodi da man shanu da ake barin ma'aikata su kai gida, kuma yana ƙarami ba shi da abin alfahari kamar maɓallan tagullan nan. Da ya shiga babbar makaranta sai na lura amsarsa ta gajarce. Idan aka tambaye shi aikin ubansa yakan ce, "Harkar otal," ya rufe bakinsa. Bai taɓa yin ƙarya ba, iyakar sanina, barin mutane yake su cike sauran da kansu. Ya zama injiniya, har uwarsa ta koma Maman Injiniya, kuma kamfanin da ya ɗauke shi ne ya gina sabon otal na gilashi wanda ya ninka Dogon Bene tsawo, ya kuma kwashe masa baƙi. 'Yan tasi suka tsallaka titi, masu canji suka bi su. A ƙarshe aka yanka Dogon Bene aka mayar da shi shaguna da ofisoshi, aka sallami Baba Sabis da agogon bango.

Wata ranar Asabar Injiniya ya shigo gidana ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, alfarma nake nema." Ya sami yarinyar da yake so, likitar ido, 'yar wani babban ɗan kwangila da kowa ke kira Ciyaman. Iyayenta sun ce suna so su ga nasa iyayen, kuma Ciyaman ya zaɓi a ci abincin rana a saman sabon otal. Maman Injiniya ba ta hawa lif, ta ce ko a mafarki. Saboda haka ni zan raka abokina.

Muka zaga gidansu tare. Injiniya ya ajiye wa ubansa sabon kwat mai ruwan ƙasa. Ban tambayi dalilin launin ba, na gane: baƙi ko fari zai yi kama da kayan aiki.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Ka zauna. Ko me ya faru, ka zauna. Akwai masu aikin."

"Zama kawai? Wannan ai ba aiki ba ne."

Maman Injiniya ta ce, "Ku tafi da igiya."

Aka yi dariya, ban da Injiniya. Baba Sabis ya dubi ɗansa ya ga haka, sai ya ce a hankali, "Na ji. Ba zan ba ka kunya ba."

Daga ranar ya shiga koyon zama. Ta katanga nake jin matarsa tana buga cokali a ƙasa da gangan, tana cewa, "Ka motsa, na gani."

Da ranar ta zo, tun a bakin otal na ga abin da wuya. Muna sauka daga tasi abokina ya karkata ya nufi lungun gefe inda motocin kaya ke shiga, sai da na riƙo gwiwar hannunsa na juyo shi. Bai taɓa shiga otal ta ƙofar gaba ba. Mai tsaron ƙofa ya rusuna masa, shi ma ya rusuna, har ya fi shi sunkuyawa. A saman bene aka ba mu tebur jikin gilashi, gari duka a ƙarƙashinmu. Ya leƙa ya daɗe yana kallon wani rufi can ƙasa, mai tankuna masu tsatsa da igiyar shanya.

"Tica, wancan ne?"

Na ce shi ne.

"Ashe gajere ne," in ji shi.

Sai ga Ciyaman, ƙaton mutum mai murya, da matarsa da 'yarsu. Ina kallon abokina lokacin da ya ɗaga ido ya gan shi. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, amma hannunsa na hagu ya zame ya koma bayansa. Nan na gane ya san mutumin. Ciyaman kuwa ya miƙa masa hannu ya girgiza da ƙarfi, bai ga komai ba sai wani tsoho cikin kwat mai ruwan ƙasa.

Aka zauna. Baba Sabis ya ɗosana a bakin kujera, ya danne tafukansa a ƙarƙashin cinyoyinsa. Saurayin da ke hidimar teburin ya ajiye miya ta dama, na ga abokina ya rufe ido kamar an taka masa ƙafa, amma bai motsa ba. Tsumman goge baki ya zame daga cinyar likitar ya faɗi, kafaɗar abokina ta yi tsalle, ya danne ta. Gumi yana bin wuyansa duk da sanyin ɗakin. Injiniya yana satar kallonsa, kuma da aka kawo kifi na ga yaron ya fara sakin jiki.

Matar Ciyaman, mace mai sanyin magana, ta ce, "An ce kun daɗe a harkar otal, Baba."

"Na ɗan taɓa, ranki ya daɗe."

"Ai harka ce mai albarka," in ji Ciyaman, ya karɓe zancen, ya shiga ba da labarin yadda ya samo simintin da aka zuba a ginin da muke ciki. Yana cikin magana da cin kifi sai wani abu ya sarƙe shi. Ya yi tari, bai waiwaya ba, ya ɗaga yatsu biyu sama da kafaɗarsa ya kaɗa su.

Ban ga tashin abokina ba. Na dai ga kujerar da ke gefena babu kowa, na ga Baba Sabis tsaye a damar Ciyaman, hannun hagu a baya, jug a hannun dama, ruwa na sauka a kofi ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa tebur ba. Kuma na ji muryar da ban taɓa ji daga bakinsa a unguwa ba, ƙasa-ƙasa, mai santsi.

"Babu ƙanƙara, ranka ya daɗe, kamar kullum."

Ciyaman ya sha, ya ajiye kofin, sannan ya ɗaga kai. A wannan tsayuwar ya gane shi nan take.

"Dogo? Dogo na Dogon Bene?"

Hannunsa ya nufi aljihu, irin na wanda ya saba sallamar mai hidima, ya tsaya a rabin hanya. Kowa a teburin ya ga hannun ya tafi, kowa ya ga ya tsaya.

"Kamar kullum?" in ji matarsa, ba ta ɗaga murya ba. "Ni dai ka ce mini ba ka son abincin Dogon Bene, shi ya sa ba ka taɓa kai ni ba. Da wa kake zuwa kullum?"

Injiniya ya zuba wa farantinsa ido, kunnuwansa kamar za su kama wuta. Likitar ta taɓa hannunsa, ya janye. Baba Sabis yana nan tsaye da jug, ya rasa inda zai ajiye shi, har saurayin ya zo ya karɓa a hankali ya ce, "Bari, Baba." Ni kaina na rasa inda zan sa idona, na koma kallon rufin Dogon Bene. An ƙarasa cin abincin, domin babu wanda ya san yadda zai tashi, amma ban tuna ɗanɗanon komai ba. Da muka sauko, na nemi abokina na rasa. Ta lungun motocin kaya ya fita.

Makonni suka wuce gidan Ciyaman shiru, babu eh babu a'a. Injiniya ya daina zuwa gida, sai dai ya aiko da gaisuwa ta waya wurin uwarsa. Baba Sabis ya daina fita ko bakin ƙofa. Na shiga na same shi tsaye jikin taga, abinci ya huce a hannunsa. Na fara ba shi haƙuri, na ce aikin da ya ciyar da iyali ba abin kunya ba ne, yaro zai huce.

"Ba ka gane ba, Tica," in ji shi. "Tashin da na yi, yaron na yi wa laifi, kuma yana cina. Na yi masa alkawari na kasa. Amma ƙafa ce, ban san lokacin da ta tafi ba. Bakina fa? Na nuna na san baƙo, a gaban matarsa. Tun ina wanke kofuna ban taɓa yi ba, sai da na tsufa, sai a ranar da ɗana ke neman aure. Shi yana jin kunyar ni sabis ne. Ni kuma kunyar da nake ji, ko sabis ɗin ban cika ba."



Wata safiya wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar gidansu, matar Ciyaman ta fito ita kaɗai. Abin da ya faru a ciki Maman Injiniya ce ta ba ni labari, domin tana bayan labule. Baƙuwar ta zauna, ta ce shi ma ya zauna, ya ce ya gode, ya tsaya.

"Baba, ba rigima ta kawo ni ba," in ji ta. "Shekaru sun ja, jikoki nake jira. So nake kawai in sani, in huta. Wace ce?"

"Ranki ya daɗe, mutanen da suka wuce ta hannuna ba su ƙirguwa. Ban riƙe fuska ba."

"Amma ka riƙe cewa ba ya shan ƙanƙara."

"Manya da yawa ba sa sha, ranki ya daɗe, saboda haƙori. Tsufa ne ya sa na haɗa shi da wani."

"Shi kuma tsufa ne ya sa ya kira sunanka?"

Ya kafe idonsa a kan bango sama da kanta, hannu a baya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ƙarya kake, Baba, kuma ba ka iya ta ba. Amma gidan da ake riƙe baki haka, 'yata ba za ta wulaƙanta a cikinsa ba." Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Mutumin nan ya san tebur, ya san rana, na tabbata ya san har launin rigar matar da ake tambaya. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya mini ba, da shi aka binne shi.

Aka yi auren. An ce matar Ciyaman ce ta yanke maganar, mijin bai ce uffan ba. Surukan biyu ba su ƙara haɗa ido ba har ƙarshe; idan wani sha'ani ya tara su, kowanne yakan sami abin dubawa a wani gefen. Injiniya kuwa ya daɗe bai tako gida ba. Ya san riƙe bakin da ubansa ya yi ne ya samo masa auren, kuma ina jin sanin ne ya ƙara masa nauyin zuwa, domin yanzu kunyar kansa yake ji.

Sai wata Lahadi da rana Maman Injiniya ta leƙo ta katanga ta ce in zo. Na tarar da Injiniya da amaryarsa sun zo da abinci a kuloli. An jawo tebur tsakiyar ɗaki an shimfiɗa farin ƙyalle. Baba Sabis yana tsaye jikin taga yana kallonsu. Injiniya ya ja kujera ya riƙe bayanta da hannu biyu.

"Baba, zauna."

"Ku ci, ni na fi..."

"Ba irin wancan zaman ba ne. Don Allah, Baba."

Ya zo ya zauna, a bakin kujera. Injiniya ya ɗora tsumma a hannunsa, ya ɗauko faranti, ya zagayo ya ajiye wa ubansa ta dama.

Na ga bakin abokina ya buɗe. Na ga ya dubi farantin, ya dubi hannun da ya ajiye shi. Maman Injiniya ta toshe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza. Sai ya rufe bakinsa, ya gyara zama har bayansa ya taɓa jikin kujera, ya ɗauki cokali.